Mai Zanen Da Ya Nuna Wa Mutanensa Fuskarsu

Da kakar da ta wuce aikin duba makarantu ya kai mu wata makarantar firamare ta wajen Ɗantutture, can tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi. Muka shiga aji huɗu, muka raba wa yara takarda da fensir, muka ce kowa ya zana mana gidansu. Da aka tattaro takardun, abin da muka gani ya ba mu dariya da fari, amma kafin mu kai masauki dariyar ta koma tunani. Kusan dukansu gida iri ɗaya suka zana: ɗaki guda mai rufi da tsini, da taga biyu, da wani bututu a bisa yana fid da hayaƙi. Mun kewaya garin nan ciki da bai, ba mu ga gida ko ɗaya mai bututun hayaƙi ba.

Yarinya ɗaya ce ta ƙi ba da tata, ta ɓoye cikin mayafi. Muka ce mata, "Kawo mu gani, yarinya." Ta sunkuyar da kai ta ce, "Malam, nawa bai yi kyau ba, ban iya irin na littafi ba." Ashe zaure ta zana, da dangar kara, da rumbu biyu, da akuya ɗaure a turke, har da turmi a kife gindin darbejiya. Kowa ya dubi takardar nan ya san inda aka haifi mai ita. Ga shi ita kaɗai ta yi abin da aka ce, ita kaɗai kuma ke jin kunya.

Wannan ba laifin yaran ba ne, ba kuma na malaminsu ba. Abin da ido ya saba gani a littafi shi hannu kan bi. Yaron da bai taɓa ganin irin gidansu a takarda ba sai ya ɗauka gidansu bai isa shiga takarda ba, abin da mutum ya raina yana ƙarami kuwa da wuya ya gyara shi in ya zama malami ko magatakarda. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba masu karatu labarin wani gwanin zane na wata ƙasa mai nisa, wanda ya tarad da mutanensa cikin irin wannan hali, ya ƙare rayuwarsa wajen fid da su daga ciki. Sunansa Akseli Gallen-Kallela, mutumin ƙasar Finlan.

ƘASAR DA WAƘOƘINTA

Finlan tana can ƙuryar arewacin Turai, tsakanin Suwidin da Rasha. Ƙasa ce ta dazuzzuka da tafkuna da sanyi mai tsanani, mutanenta kuwa duka-duka wajen miliyan biyar da rabi ne, watau ba su kai mutanen Jihar Katsina yawa ba. Sun yi shekaru ɗaruruwa a hannun Suwidin, sa'an nan cikin 1809 suka koma hannun Sarkin Rasha. Tsawon zamanin nan harshen Suwidin shi ne na ofis da na kotu da na manyan makarantu, harshen 'yan ƙasa kuwa galibi an bar wa manoma da masunta.

Wani likita mai suna Elias Lönnrot shi ne ya tashi ya yi ta yawon ƙauyuka, musamman na yankin Kareliya da ke gabas, yana zama wurin tsofaffin mawaƙa yana rubuta waƙoƙin da suka gada a ka. Ya harhaɗa su suka zama littafi guda, Kalevala, aka buga shi cikin 1835, aka sake bugawa da ƙari cikin 1849, babi 50, layi sama da 22,000. Aikin ya yi kama da wanda aka yi a nan ƙasar sa'ad da aka tara tatsuniyoyi da labarun Hausa, galibinsu malamai ne suka rubuta da ajami, Frank Edgar ya buga su littafi uku daga 1911 zuwa 1913. To, mutanen Finlan sun sami littafinsu, amma ba wanda ya san kamannin mutanen da ke ciki sai da mai zanen nan ya zo.

YARO DA HANKAKA

An haife shi a garin Pori ran 26 ga Afrilu 1865, aka raɗa masa suna Axel Gallén. A gidansu harshen Suwidin ake yi, amma a karkara ya tashi, a wani wuri da ake kira Tyrvää, cikin 'ya'yan manoma. Ubansa lauya ne, ya taɓa riƙe shugabancin 'yan sanda, bai kuwa ga abin da zane zai tsinana wa ɗansa ba, sai ya tura shi makaranta a Helsinki yana ɗan shekara 11. Sai bayan rasuwar uban cikin 1879 yaron ya sami sarari. Cikin 1881 ya shiga koyon zane sosai, cikin 1884 kuma ya tafi Faris, inda a zamanin nan duk mai son a kira shi gwani yake zuwa ya koyo.

Tun yana saurayi ya nuna inda zuciyarsa take. Zanensa na 1884 wani yaron ƙauye ne ba takalmi, tsaye cikin ciyawa, ya ƙura wa hankaka ido. Na 1885 kuwa wata tsohuwar ƙauye ce da kyanwarta, bai rage mata tamoji ko ɗaya ba, bai kuma ɓoye kaushin hannunta ba. Waɗansu mutanen birni suka ga abin bai dace ba, don a ganinsu fenti na kyawawa ne da masu sarauta. Shi kuwa a ganinsa wadda ta tsufa cikin wahalar gona ta cancanci a zana ta yadda Allah ya yi ta.

ZANE ƊAYA SAU BIYU

Ga abin da ya fi kama mu cikin labarinsa duka. A cikin Kalevala akwai wata budurwa, Aino, wadda aka yi alkawarin aurar da ita ga wani tsohon mawaƙi, ita kuwa ba ta so, ta ƙare a cikin ruwa. Cikin 1889 ya zana wannan labari yana Faris, allo uku a jere. Da yake a can yake zaune, mutanen Faris ya samu suka zauna masa yana kwaikwayon surarsu. Hannu ya yi aikinsa, amma fuskokin ba na Finlan ba ne.

Cikin 1890 ya auri Mary Slöör. Maimakon su zauna cin amarci a birni, sai suka ɗauki hanyar Kareliya, inda Lönnrot ya bi shekaru da yawa kafinsu. Ya cika littattafansa da zanen fuskokin mutane, da kwalekwalensu, da adon rigunansu, da sassaƙar gidajensu. Da ya komo sai ya sake zanen Aino tun daga farko cikin 1891, matarsa ta zauna masa a madadin budurwar, har katakon da ya kewaye zanen ya yi masa ado irin na ƙasar. Wannan na biyu yana nan ajiye a gidan zane na Ateneum a Helsinki.

Mai karatu ya duba. Ga mutum ya koyo sana'a wurin gwanayen duniya, amma sai da ya koma ƙauye ya koyi kallo. Bai jefar da abin da ya koyo a Faris ba, gama da shi ya yi aikin duka. Abin da ya gane shi ne, ilmin baƙo makami ne, amma naman da za a harba a dajin gida yake.

Ya gina wa kansa gidan katako a bakin wani tafki a Ruovesi, nesa da hayaniyar birni, ya sa masa suna Kalela. Cikin 1895, yana Balin ta ƙasar Jamus wajen nuna zane, saƙo ya iske shi cewa 'yarsa Marjatta ta rasu, ciwon mashaƙo ya ɗauke ta. Daga nan hannunsa ya sake. Layinsa ya yi kauri, launinsa ya yi nauyi, ya daina ƙawa. Cikin 1897 ya yi zanen da mutane da yawa ke cewa shi ne gwaninsa. An kashe wani jarumi, Lemminkäinen, an sassare shi an zuba a kogin mutuwa. Uwarsa ta zo da manjagara ta tsamo shi gaɓa-gaɓa ta harhaɗa. A zanen, ga gawar kwance a bakin baƙin ruwa, ga uwar zaune ta ɗora masa hannu, ta ɗaga ido sama tana jiran ƙudan zuma ya kawo mata maganin da zai tashe shi. Mahaifiyar mai zanen ita ce ta zauna masa a madadin uwar. Ko wanda bai taɓa jin sunan Kalevala ba, in ya ga zanen nan ba ya bukatar tafinta, balle wanda ya san shekara biyu ke nan da mai zanen ya rasa tasa 'yar.

ZANE YA ZAMA MAGANA

Cikin 1899 Sarkin Rasha, Nikolas na Biyu, ya fid da wata doka ta rage wa Finlan ikon da take da shi na gudanad da harkokinta, aka kuma matsa wa jaridu. Shekarar da ta biyo, 1900, aka yi babban bajekolin duniya a Faris, Finlan ta sami rumfarta, aka ba shi zanen rufinta daga ciki. Ya zana labarun Kalevala a jikin yaɓe tun yana ɗanye, yadda launin zai kama. A ɗaya daga ciki ga maƙeri yana huɗar gona cike da macizai, ɗaya daga macizan kuwa da kambin sarauta a kansa. Bai rubuta ko harafi ba, amma kowane ɗan Finlan ya san macijin da ake nufi. Cikin 1907 ya sake sunansa a hukumance zuwa Akseli Gallen-Kallela, irin na harshen ƙasa.

Bai ɗauki zanen littafi ƙaramin aiki ba. Cikin 1908 aka fid da littafin Aleksis Kivi na labarin 'yan'uwa bakwai da hotunansa a ciki, littafin da ake lissafawa shi ne babban ƙagaggen labari na farko cikin harshen Finlan. Cikin 1922 aka buga Kalevala da adonsa. Watau ya san ba kowa ne zai je gidan zane a Helsinki ba, amma littafi yana shiga bukkar manomi.

Har Afirka ya zo. Daga 1909 zuwa 1910 ya zauna da iyalinsa a Kenya, wajen Nairobi, ya yi zane sama da 150. Mutumin da ya saba da dusar ƙanƙara da duhun daji, sai ga shi yana fama da jar ƙasa da hasken rana tsaka, launinsa ya yi zafi kamar garwashi.

Finlan ta sami 'yancin kanta ran 6 ga Disamba 1917, sa'an nan yaƙin basasa ya biyo baya cikin 1918. Ya kasance a ɓangaren Janar Mannerheim, wanda ya sa shi tsara lambobin girma da kayan soja na sabuwar ƙasar. Lambar Gicciyen 'Yanci da ta Farar Fure da ya zana har yanzu ana ba da su. Daga 1923 zuwa 1926 ya zauna a Amurka. Cikin 1928 ya sake yin zanen rufin nan a babban gidan tarihi na Helsinki, gama rumfar Faris an rushe ta bayan bajekolin. Ya rasu a Istokholm ran 7 ga Maris 1931, ciwon huhu ya kama shi a hanyarsa ta komowa daga ba da lacca a Kwapanhagan. Babban burinsa na ya ƙawata Kalevala shafi-shafi bai cika ba. A shekarar nan kuma gobara ta cinye zanen bango da ya yi a wani hubbare a garinsu Pori, ɗansa Jorma ya sake yin su daga zanen gwaji da uban ya bari. Gidansa na Tarvaspää, kusa da Helsinki, ya zama gidan tarihi tun 1961.

NAMU NA ZARIYA

Kada mai karatu ya ce irin wannan sai Turai. An yi shi a nan Zariya. Cikin 1955 aka komo da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello cikin 1962. Koyarwar irin ta Ingila ce tsantsa. Cikin 1958 waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane, cikinsu akwai Uche Okeke, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo. Ra'ayinsu shi ne a koyi dabarar Turawa sarai, amma a yi aiki da ita kan gadon gida. Okeke ya koma ya nazarci zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, shi ne kuma ya yi hotunan da aka sa a wani bugu na littafin Chinua Achebe na farko.

Wanda labarinsa ya fi kusa da mu cikin tsaran nan shi ne Jimo Akolo, mutumin Egbe ta tsohon Lardin Kabba. A Kwalejin Gwamnati ta Keffi aka gano baiwarsa, a hannun wani jami'in ilmi, Dennis Duerden. Ya yi karatu a Zariya daga 1957 zuwa 1961, ya ƙaro a Ingila da Amurka. Abin da idonsa ya gani a Arewa shi ya zana: mahaya dawaki, da makaɗa, da 'yan dambe. Shi aka ba zanen bango a Majalisar Dokokin Jihar Arewa a Kaduna. Ya kuma yi shekara sama da 30 yana koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello, yana horad da malaman da za su koya wa yara zane, ya rasu cikin 2023. Abin lura gare mu malamai shi ne mafarin labarin. Da malamin Keffi ya ɗauki sa'ar zane lokacin hutawarsa, da ba mu ji sunan Akolo ba.

Gadon kuwa muna da shi tun kafin takarda ta zo. Ga shanun da mutanen da suka zana a jikin duwatsun Birnin Kudu. Ga adon bango na Zariya da Kano da Katsina, ga masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Ga aska takwas a ƙirjin riga, ga zanen ƙwarya, ga zayyanar allon sauka. Mun san akwai iyayen da ke ƙyamar zanen abu mai rai saboda addini. Wannan magana ce ta malamai, ba mu isa mu yanke ta a shafin jarida ba, ba ma kuwa so a tilasta wa ɗan kowa. Amma ko an tsaya kan abin da babu gardama a kansa, watau gida, da itace, da dutse, da kayan aiki, da taswira, da zayyana, akwai aikin da zai ishi yaro shekara shida bai ƙare ba.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, malami ya bar wa zane sa'arsa. Mun sha shiga aji mu tarar an ba da ita ga lissafi, ko ga shara, ko malam ya zana ƙoƙo a allo ya ce a kwafa, ya fita. Kwafar allo ba ta koya wa yaro kallo. A ajiye tulu na gaske a gabansu, ko zangarniyar dawa, ko galma. A fita da su gindin kuka su dube ta da kyau kafin su sa fensir. Yaron da ya koyi ƙidaya rassan ganye don ya zana shi, shi ne gobe zai lura da tsutsa a gonar ubansa, shi ne zai iya karanta taswira, shi ne zai ga kuskure a lissafin ofis.

Na biyu, kada rashin kaya ya zama hujja. Ga gawayi, ga jar ƙasa, ga farar ƙasa, ga shuni, ga takardar buhun siminti. Waɗanda suka zana shanun Birnin Kudu ba su jira an aiko musu da fenti daga kanti ba.

Na uku, a gayyato masu sana'a na gari. Magini, da mai ɗinkin hula, da mai zanen ƙwarya, kowannensu yana da darasin da babu shi a littafin malam. In yaro ya ga an shimfiɗa wa maƙwabcinsu tabarma a aji, ana ce masa Malam, zai sake duban abin da ke gidansu.

Na huɗu ya shafi ɗalibanmu na kwalejojin horon malamai, irin Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita da ke nan Dutsin-Ma, wadda ke ɗauke da sunan tsohon Ministan Ilmi na Jihar Arewa. Shawararmu, kowane ɗalibi kafin ya fita ya yi ɗan littafin karatu na 'yan aji ɗaya, shafi goma ko goma sha biyu, hotunan ciki duka na garinsu, da hannunsa. Ko bai yi kyau ba, ya fi a ce bai gwada ba. Mai son ganin abin zanawa ya hau dutsen garin da hantsi, ko ya je bakin madatsar Zobe lokacin da masunta ke fitowa, ko ya zauna a kasuwar Kurfi.

Na biyar naku ne, ma'aikatan ofis. Ta hannunku ake sayen littattafai, ta hannunku ake ba da aikin hotunan da ake mannawa a asibiti da ofishin gona. In an kawo muku hoton koyar da wanke hannu, ku duba ko buta ce a ciki ko kuwa wani irin famfo da ba mai shi a ƙauyen. Mace ba ta ɗaukar gargaɗi daga hoton da ba ta ga kanta a ciki ba. Ku tambaya wa ya zana, in akwai ɗan gari da ya iya, a ba shi, a kuma biya shi hakkinsa, gama mai zane ma yana cin tuwo.

Marubuta kam mun samu. Tun gasar 1933, wadda ta fid da Abubakar Imam yana malami a Midil ta Katsina, ba a daina rubuta Hausa ba. Tatsuniyoyinmu suna nan a rubuce fiye da shekara ɗari. Gizo da Ƙoƙi, da Bayajida a bakin rijiyar Kusugu, da Korau a Katsina, duk suna jiran wanda zai zauna ya yi musu irin hidimar da mutumin Finlan ya yi wa nasa. Wa ya sani ko yana nan aji huɗu a wani ƙauye, yana ɓoye takardarsa?

Takardar yarinyar nan mun roƙi malaminta ya manna ta a bango kusa da allo, ya kuwa manna tun muna tsaye. Mun yi wa 'yan ajin alkawari za mu komo kafin ruwa ya sauka, mu sake cewa kowa ya zana gidansu. Allah ya kai mu, ya sa mu tarad da rumbu ya fi bututun hayaƙi yawa, amin.